Rigar da Na Ara wa Sallau

Jiya da la'asar ina jin ku daga nan inda nake. Kuna zaune a kan baburanku a bakin layi kuna jiran fasinja, ɗayanku yana cewa wai bugun riguna ba sana'a ba ce, ɗaga sanda ne ka sauke, ko jaki aka koya wa zai iya. Kuka yi ta dariya. Ban tanka ba saboda akwai kayan mutane a gabana. Yau da ɗan sauƙi, to ku matso. Kada wanda ya zauna mini a kan gungumen nan. Ku tsaya kawai, ni ma ba zaman zan yi ba.

Sunana Haladu, ko da yake a nan Sabo kowa Baba Mai Bugu yake ce mini, har mai ɗakina. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Gumel. Na sauka tashar Ojoo, nan kudu ƙasar Yarabawa, a bayan motar shanu ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da niyyar in ci rani ɗaya in koma. Na yi dako a kasuwar Shasha, buhun albasa da kwandon tumatir, har bayana ya fara ƙorafi. Wata Juma'a na shigo Sabo salla, sai na ji wani sauti yana fitowa daga wani lungu, tim-tam, tim-tam, kamar mata biyu na daka, amma ya fi daka nauyi. Na bi shi. Na tarar da wani dattijo da ake kira Malam Tanko, shi da abokin aikinsa suna zaune suna fuskantar juna, ga wani ƙaton gungume a tsakaninsu, ga shadda a ninke a kai. Duk inda sanda ta sauka sai wurin ya ɗauki haske kamar an zuba masa mai. Na tsaya kallo har na kusa rasa huɗuba. Ranin da na zo ci ke nan har yau bai ƙare ba.

Wata huɗu Malam Tanko bai bar ni na taɓa sanda ba. Ninki kawai. Babbar riga in ka baje ta sai ta cinye tabarmar mutum uku, kuma dole ka ninke ta yadda aikin zaren da ke ƙirji zai shige can ciki. In sanda ta sami zaren kai tsaye, ya kwanta ke nan, ya mutu, ba mai tayar da shi. Sannan layukan ninkin nan da kuke gani a bayan manyan mutane ranar Juma'a, ba haɗari ba ne. Mu muke aje su. Mai riga yana so duk wanda ke bayansa a sahu ya ɗauka yau aka ɓare ta daga leda. In layin ya karkace ko da faɗin yatsa ne, Malam Tanko ba ya faɗa. Warware rigar yake yi gaba ɗaya ya jefo maka, ya ci gaba da tauna goronsa.

Bayan ninki sai sitaci. Na rogo muke damawa, kuma kowane yadi da kaurin da yake so. Garin nan ba kamar gida ba ne, iskarsa a jiƙe take. A Arewa ka shanya riga, kafin ka gama alwala ta bushe. A nan da damina sai ta yini tana yi maka taurin kai, in ka yi gaggawar ninke ta da sauran danshi, bayan kwana biyu fumfuna ta yi mata ɗigo-ɗigo, kai da mai riga kuwa sai a gaban mai unguwa. Shi ya sa kuke ganina kullum kaina a sama. In ta bushe sai a goga mata kyandir sama-sama, a guntsi ruwa a fesa da baki, a ɗora a gungume.

Gungumen nan itacen loko ne, a nan kudu aka sare shi. Sandunan kuwa ƙirya ce, daga gida ake kawo mana. Ɗauki ɗaya ka ji, kai mai jar hula. Ka ji ko? To wannan za ka ɗaga tun hantsi har azahar. Kuma ba ƙarfinka ne ke bugun ba, nauyinta ne, kai rakiya kawai kake yi mata. In ka sa ƙarfi ka fasa yadi. Hannun hagu yana jan rigar kaɗan-kaɗan, na dama yana sauka, abokinka yana sauka a tsakanin naka biyu. In ɗayanku ya tafi tunanin gida, ga abin da ke faruwa. Ku dubi babban yatsan nan. Farcensa bai sake fitowa daidai ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne, mu ba riga muke sayarwa ba, kwarjini muke sayarwa. Mutum ya shigo taro, kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa matsayi. Ana duba ƙyallin shaddarsa. Ana jin ƙarar da take yi in ya motsa, ƙas-ƙas, kamar sabuwar takarda. Ana kallon yadda yake tattara hannun rigar ya aza a kafaɗa, sai ƙamshin turare ya biyo baya, sai agogo ya leƙo. Ga waya biyu a hannu, ga makullin mota yana kaɗawa a yatsa. Shi ke nan, an tashi an ba shi kujera. Ni kuwa rigar nan ta kwana a hannuna, na san abin da ke cikinta. Na ga inda wuyan ya fara cinyewa an juya shi. Na zazzage aljihun, na ga ɓawon gyaɗa da tikitin bas. Akwai wani mai kaɗa makullin mota a layin nan, shekara da shekaru, duk wandunansa ƙafar dama a ƙone take daidai idon sawu. Ku da kuke okada kun san abin da ke ƙona mutum a wurin. Salansa ce. Ban taɓa faɗin sunansa ba, yanzu ma ba zan faɗa ba.

Mai shi na gaske kuwa ba a gane shi da ƙyalli. Da jinkiri ake gane shi. Ya aiko da riga goma, ya manta da su wata biyu. Wanda yake zuwa da kansa ranar Alhamis da riga ɗaya a leda, ya ce don Allah gobe kafin sha ɗaya, to ita ke nan gare shi.

Akwai wata Bayarabiya, Iya Rashida, da ke kawo mini agbadar mijinta, babbar rigarsu ta Yarabawa, duk lokacin da za su biki. Takan tsaya a kaina ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba, e jo, je ko dan!" wato don Allah ta yi ƙyalli. Wata rana na ce mata, "Iya, wannan yadin ba ya ɗaukar ƙyalli, roba ta yi masa yawa." Ta ce ita ba ruwanta, dangin mijin za su zo daga Legas, ba za a mayar da su teburin baya ba. Na yi masa sitaci sau biyu, na cinye kyandir guda a kansa, na buga a hankali kamar mai lallashin jariri. Ran Litinin ta dawo da ƙullin naman biki a jarida, tana rawa tun daga bakin titi. An zaunar da su a gaba. Na ce mata ta roƙi Allah kada ruwa ya taɓa agbadar nan, don in ya taɓa, arzikin zai bi kwata.

To ku bar wannan. Aikin da nake so ku ji shi ne na Sallau.

Sallau ɗan unguwar nan ne, a nan aka haife shi. Mahaifinsa babban mai masauki ne a zamaninsa: fataken shanu daga Arewa a gidansa suke sauka, shi ke tsaya musu a kasuwa, shi ke sayar musu, su koma gida hankali kwance. Da tsohon ya rasu sai gidan ya yi ta zubewa a hankali, fatake suka watse, Sallau ya koma ɗan dillanci, yau da akwai gobe babu, ga iyali. Abin da ya rage masa na mahaifinsa riga ce ɗaya, shadda ruwan sararin sama mai aska biyu. Duk Alhamis yana kawo mini ita. Lokacin Malam Tanko ya daɗe da rasuwa, rumfar tana hannuna.

Na sha gaya masa, "Sallau, rigar nan ta gaji. Duk bugu ɗaya yana rage mata kwana. Ka bari a riƙa yi mata guga kawai."

Sai ya ce, "Baba, guga ba ya ƙara. In ba ta yi ƙara ba, ba wanda zai juyo."

Wata Alhamis ya zo ya ƙi zama, yana ta kai da kawowa a gaban rumfa. Ya ce wasu fatake daga wajen Potiskum mai masaukinsu ya rasu, suna neman wanda za su koma hannunsa. Babbansu ya san mahaifinsa, ya ce su haɗu gobe bayan an sauko daga Juma'a, su gan shi.

"Su gan ka, ko su ji ka?" na tambaye shi.

"Su gan ni, Baba. Wa zai damƙa shanun tirela biyu a hannun wanda ya yi kama da mai jin yunwa? In wannan ta wuce ni, na gama. Yara sun daina zuwa makaranta tun watan jiya."

Na wanke rigar da kaina, na yi mata sitaci marar kauri. Washegari da hantsi na ɗora ta a gungume, na ce wa abokin buguna ya ajiye sandarsa, ni kaɗai zan yi. Na gama gefe ɗaya lafiya. Na juya. Sanda ta uku, sai na ji sautin ya canja. Wanda ya daɗe a aikin nan da kunne yake gani. Na buɗe ninkin. Ta tsage daga kafaɗa har kusan aljihu, ba a kan ɗinki ba, a tsakiyar yadi, inda ba telan da zai iya ɓoye ta.

Ina riƙe da ita Sallau ya iso, ya yi aski, ya sha wanka, yana cikin 'yar ciki da wando. Ya duba. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Ya tsuguna ya sa yatsa cikin tsagar, ya ce, "Shi ke nan." Masu shago sun fara rufewa, mutane sun fara wucewa da dardumarsu.

A kan kantar da ke bayana akwai rigunan Alhaji Mamuda, ɗan canji, wanda ya fi kowa kawo mini aiki. Shi ne ya jawo mini sauran 'yan canjin layinsu. Ya tafi Legas, ya ce sai Litinin. A saman tulin akwai wata fara sol mai aikin zare ruwan toka, na buge ta tun shekaranjiya, tana ɗaukar ido ko a inuwa. Tsayinsu ɗaya da Sallau.

Sallau bai roƙe ni ba, wannan ku riƙe shi. Ɗaga kai kawai ya yi ya kalli kantar, ya mayar da kansa ƙasa. Ni na miƙe. Ni na sauko da ita. Abokin buguna ya ce, "Haladu, kayan amana ne fa." Na ce, "Awa biyu ne. Kafin la'asar rigar ta dawo, in sake buge ta, ba wanda zai sani." Malam Tanko ya taɓa gaya mini cewa ko maɓallin wani kada in ara wa wani, ko da ubana ne. Na tuna da maganar a lokacin, sarai na tuna. Na zura wa Sallau rigar, na gyara masa kafaɗa, na nuna masa yadda zai tattara hannun kada ya ja ƙasa. Wallahi da ya fita layin nan, mai rake da ya saba yi masa tsiya sai da ya miƙe tsaye ya gaishe shi.

Alhaji Mamuda bai kai Litinin ba. Da safiyar Juma'ar ya taso daga Legas, ya wuce masallaci kai tsaye. Ni ina can sahun baya, a waje. Da aka sallame na hango Sallau a gindin bishiyar ƙofar masallaci tare da dattawa huɗu masu rawani, fataken ke nan. Sannan na hango Alhaji Mamuda ya fito yana sa takalmi. Ya ɗaga kai. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Mutum ba ya kasa gane rigarsa, balle wadda shi ya zaɓi zaren.

Ya taka har wurinsu ya yi sallama. Ya kama hannun Sallau ya riƙe, ya dube shi daga wuya har ƙasa, ya ce, "Alhaji Sallau, wannan riga ta karɓe ka."

Sallau bai taɓa zuwa Makka ba.

Alhaji Mamuda ya juya wurin fataken ya ce, "Baƙinmu ne? Sannunku da hanya. In wurin wannan kuka zo, kun zo gida. Mun san ubansa, mun san shi." Ya sake su ya tafi.

Na dawo rumfa na kasa zama. Na share ƙasa, na sake sharewa. Na jera sanduna, na sake jerawa. Bayan la'asar sai ga Alhaji Mamuda, shi kaɗai, da direbansa a mota a bakin layi.

"Baba, a haɗa mini kayana."

"Alhaji, ka bari in yi maka bayani."

"Na ga bayanin a masallaci, fari ne mai ruwan toka." Bai ɗaga murya ba. "Da ka kira ni a waya ka ce ga halin da ake ciki, da na ce ka ba shi biyu. Lambata tana wurinka."

Na ce, "Tsoro na ji kada ka ce a'a."

"To ka ga ai ka san tawa ce." Ya nuna kantar. "Ban kunyata Sallau ba, don ba shi na ba ajiya ba. Kai na ba. Waccan ya riƙe, na bar masa. Sauran a sa mini a mota."

Na ɗauka da hannuna na kai. Bai yi mini gori ba, bai kai ni ƙara wurin kowa ba. Ban ma jin ya yi ta yaɗawa. Amma 'yan canji a benci ɗaya suke yini, an ga ya sauya mai bugu, an tambaya. Kafin wata ya ƙare kantar nan da take cika har rufi ta koma ana ganin bango. Abokin buguna ya koma wata rumfa, ban ga laifinsa ba. Bugun mutum ɗaya kuwa ko sautinsa daban ne, kamar mai ɗingishi, duk wanda ya wuce ya san rumfar ba lafiya.

Ban farfaɗo ba sai ga shekarar annoba, da aka hana taro. Ba biki, ba suna, Juma'a ma sai da aka dakatar. Wa zai buga riga ya zauna da ita a ɗaki? A shekarar na gane duk sana'ata a kan idon mutane take tsaye. In ba mai kallo, ba ni. Masu agogo da masu makulli duk suka koma jallabiya da silifa, kowa ya yi kama da kowa. Gungume biyu gare ni a da. Ɗaya na sayar wa mai tuyar ƙosai, ina kallo aka faskara shi, itacen da ya sha shadda fiye da kowane attajiri a garin nan. Sau uku ina ɗaure kayana in tafi Ojoo neman motar gida. Sau uku ina tsayawa a bakin tasha in ga ban san abin da zan je in yi a can ba, in juyo. Na koma Shasha dako da furfurata, yaran da na girme wa iyayensu suna ce mini, "Baba, kawo in ɗora maka."

Da aka buɗe gari, Iya Rashida ce ta fara dawowa, ta jawo mini danginta da 'yan unguwarsu. Da agbadar Yarabawa na sake tashi. Daga baya namu suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ba duka ba. Alhaji Mamuda muna gaisawa har gobe, ya zo mini gaisuwa da ƙanena ya rasu, amma ko hankicinsa ban sake taɓawa ba.

Sallau kuwa fataken sun sauka a hannunsa, kuma ya riƙe su da gaskiya, wannan ba mai musu. Suka jawo wasu. Ya gyara gidan mahaifinsa, ya mayar da yara makaranta, ya je Makka, sunan da aka ba shi a ƙofar masallaci ya zama nasa. Kun san shi, shi ne mai farar motar nan da ke yi mini hon in zai wuce. Yanzu rigunansa ba sa ƙirguwa. Na yi ta zuba ido in ga ranar da za a sauke mini su. Shiru. Sai na ji ashe can unguwar Mokola ake kai masa, wurin masu injin.

Rannan na tare shi bayan sallar asuba, na ce, "Alhaji, na yi maka wani laifi ne? Ko hannuna ne ya tsufa?"

Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ce, "Baba, har in mutu ba zan iya biyan ka ba. Duk abin da kake so ka faɗa." Sannan ya ce, "Amma ka san zuciyarka. Gobe wani zai tsuguna a gabanka kamar yadda na tsuguna, rigata kuma tana kan kanta."

Na buɗe baki in ce ba zan sake ba. Na tsaya na auna, na ga ban tabbata ba. Na rufe bakina.

Duk Salla yana aiko mini da buhun shinkafa da cinyar sa, direbansa ke kawowa har ƙofar ɗaki. Riga kuwa, ko ɗaya.